Dawakin da Sifana Ya Ƙara wa Motar Surukinsa

Duk wanda ya zauna a layin nan, ko na mako guda ne, ya san Sifana. In bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don ba a taɓa buɗe gaban mota a kusa ba sai ya ɓullo daga wani lungu yana cewa, "Ai tun daga nesa na ji matsalar."

Aikinsa na gaskiya yanka tikiti ne a ƙofar wurin ajiye motoci na wani babban kanti. Shekara tara yana ɗaga sanda motoci su shiga, ya sauke, ya ɗaga su fita. A ganinsa, mutumin da motoci masu yawa haka suka wuce ta gaban hancinsa ya fi ƙarfin a kira shi ɗan kallo. Sai ya sayi sifana guda ɗaya, mai lamba goma, ya riƙa saƙala ta a aljihun gaba kamar biro. Daga nan sunan ya manne masa. Hatta matarsa, Malama, mai koyar da kimiyya a sakandare, da shi take kiransa in ranta ya ɓaci.

Abu ɗaya tak ya rage masa ya cika injiniya: ba shi da mota.

Surukinsa kuwa yana da ita. Baba tsohon direban tirela ne, shekara talatin da biyar a kan titi, kuma yana da wata farar mota mai shan gas, mai turbo, wadda yake kula da ita fiye da haƙoransa. Da likita ya sa masa ranar aikin ido, ya tuƙo ta da kansa ya ajiye a ƙofar gidan 'yarsa, ya kira Sifana.

"Kullum da safe ka tashe ta minti biyar, ka kashe. Aikinka ke nan."

"An gama, Baba."

"Kada ka buɗe mata gaba."

"Haba Baba, ai ni ne fa."

"Shi ya sa na faɗa. Mako uku zan yi. In na dawo na same ta yadda na bar ta, makullin ya zama naka, don ba na jin idon nan zai sake yarda da titi. In kuwa na ji ko tari ta yi, ko gilashinta ba za ka ƙara gogewa ba."

Kwana biyu cur Sifana ya riƙe amana. Ya ce da kansa wannan kaɗai ya isa a ba shi lambar yabo.

Rana ta uku yana zaune a ciki, hannu ɗaya a kan sitiyari, gwiwar ɗayan a waje ta taga, sai Bakaniken bakin layi ya zo wucewa. Ya tsaya ya saurari injin, ya gyaɗa kai.

"Lafiyayyar mota. Tsoho ya iya riƙo. Ƙarfin doki casa'in ne, amma babu gurgu a cikinsu."

"Casa'in kacal?" in ji Sifana.

"Kai nawa ne a ƙafarka?"

Tela, wanda shagonsa ke kallon gidan, ya yi dariya har allura ta faɗi daga bakinsa. Casa'in ɗin nan ta tsaya wa Sifana a rai. A wurin aiki ya shiga wayarsa, ya tarar da wani mutum a wani gareji mai tsabta kamar asibiti, yana magana da yaren da Sifana bai taɓa ji ba, yana nuna wani ƙarfe mai siffar dodon koɗi. Shi ne turbo, abin da ke cusa wa inji iska don ya ƙara ƙarfi. A ƙarshen bidiyon aka rubuta ɗari biyu da jan rubutu. Bidiyon minti arba'in da biyu ne. Sifana ya kalli shida na farko, ya ja da yatsa zuwa tsakiya, ya ja zuwa ƙarshe. Sauran ai don 'yan koyo aka yi.

Da yamma ya tsaya a ƙofar shagon Tela.

"Ka shaida. Ranar da Baba zai dawo, doki ɗari biyu zai tarar."

"Ina za ka ɗaure su, Injiniya? Layin nan ko akuya ba ta samun wuri."

"Ka ci gaba da ɗinka maɓalli. Kimiyya ba sa'arka ba ce."

"Ai a gidanka ma ba kai ke da ita ba."

Washegari ya buɗe gaban motar. Sandar da ke tokare murfin ta yi masa gajarta, don babban aiki yana son sarari, sai ya tokare da tsintsiya mai dogon hannu. Ya sunkuya ya fara kwance duk abin da lamba goma ta kama. Abin da ba ta kama ba ya bi shi da filaya, abin da ya ƙi filaya ya yi masa magana da guduma. Ana cikin haka gwiwar hannunsa ta taɓa tsintsiyar, murfin ya sauko masa a ƙeya, ya rage ƙafafu biyu kawai a waje suna harbin iska.

Tela ya tsallako a hankali, ya ƙwanƙwasa murfin.

"Salamu alaikum. Injiniya yana ciki?"

"Ɗaga."

"Na ɗauka gwada shi kake."

"Gwada shi nake. Yanzu na gama. Ɗaga."

Malama ta dawo makaranta ta tarar da barandarta cike da notuna da tiyo-tiyo, an jera su a kan jaridu, wasu kuma a cikin kwanon wanke-wankenta. Ta ajiye jaka ta daɗe tana kallo.

"Maigida, me Baba ya ce game da gaban motar nan?"

"Cewa ya yi kada a buɗe don wasa."

"Ban ji 'don wasa' ba, kuma ina tsaye."

"A zuciyarsa ya faɗa. Mu masu harkar inji muna fahimtar juna."

"To mai fahimta, in ka gama ka wanke mini kwanona."

A minti na biyar na bidiyon, mutumin nan ya cire tiyon da ke kai iska bakin turbo, ya cusa tsumma a ramin don kada ƙura ko noti ya faɗa ciki. Wannan wurin Sifana ya kalla da kyau. Ya waiga neman tsumma bai gani ba, sai ga igiyar shanya, ga sabon ɗankwalin Malama, shuɗi mai ɗigo-ɗigon ruwan zinari, wanda Baba ya sayo mata. Aro ne kawai, in ji shi. Ya dunƙule shi ya tura da yatsa har ya ɓace. Wurin da mutumin ya zaro tsummansa yana minti na talatin da takwas, kuma Sifana bai taɓa zuwa can ba.

Bayan kwana biyu Malama ta fara cigiya.

"Ka ga ɗankwalina shuɗi?"

Gaskiya ya manta. Kansa na cike da dawaki.

"Iska ce. Ko kuma matar sama ta haɗa da kayanta. Kin san ta da kwashe shanya ido rufe."

Malama ta hau bene wurin maƙwabciyarsu da ke zaune a samansu, ta yi tambaya cikin ladabi. Matar sama ta amsa ba cikin ladabi ba, ta zazzage akwatinta a tsakar ɗaki don a duba, kuma daga ranar ta daina amsa gaisuwar kowa a ƙasa.

Sifana bai lura ba, don ya gano babbar matsalar motar: ba ta shan iska sosai. Ya cire akwatin tace iska ya jefa bayan ƙofa, ya ce wannan takunkumi ne kamfani ya sa wa inji saboda matsorata. Abin da ake bukata bututu ne mai faɗi. Ya zagaya gida ya samu wani farin bututun roba da ya sauko daga sama ta jikin bango, ba ya aikin komai, a iya ganinsa. Ya yanki tsawon hannu guda da zarto, ya haɗa shi da bakin turbo, ya naɗe da robar taya, ɗaya bakin ya leƙo waje ta gefen fitila kamar hancin giwa.

Yana kwance a gindin bangon yana ɗaure wani noti, matar sama ta gama wanke-wanke ta zubar da ruwan. A lokacin ya gane aikin bututun. Ya miƙe ruwan kumfa na tsiyaya daga gemunsa, ɓawon albasa a kafaɗarsa.

"Yau kuma wane gwaji ne?" in ji Tela.

"Sanyaya jiki. Mai aikin turbo ba ya bari zafi ya hau masa kai."

"Ga ganyen shayi a kunnenka, shi ma na sanyi ne?"

Sai ya koma kan wata 'yar ƙofa da ke jikin turbo, wadda ke buɗewa ta rage iska in ta yi yawa. Sifana ya ga wannan asara ce tsagwaronta: a tara iska da wahala, sannan a bar ta ta gudu? Ya yanko waya daga igiyar shanya ya ɗaure ƙofar tam. Daga nan ya juye baƙin mai. Sandar gwaji ta nuna ya kai layi, amma doki ɗari biyu ba za su sha abin da casa'in ke sha ba, don haka ya ƙara galan guda a kai.

Bakanike ya leƙo sau ɗaya. Ya dubi bututun, ya dubi wayar, ya dubi notuna bakwai da suka yi saura a cikin kwano.

"Waɗannan fa?"

"Ƙari ne. Kamfani ya cika almubazzaranci."

"Ka kwance wayar nan, ka rage man nan, ka mayar da akwatin iska. Kyauta na faɗa maka."

"Ilimin da ne da kai, Oga. Duniya ta wuce nan."

"Allah ya ba da sa'a. Wace rana za ka tashe ta? Ina so in janye babur ɗina."

Kafin ya gama haɗawa Sifana ya riga ya tsara rayuwarsa ta gaba. Zai ajiye sandar tikiti, ya buɗe gareji. Ya samo wani faifan katako, ya rubuta da ragowar fenti: SIFANA, LIKITAN TURBO. A ƙasa ya ƙara da ƙananan baƙaƙe: A kawo ta tana tari, a koma da ita tana tashi. Ya jingina allon da bango ya lulluɓe da buhu.

Ya ɗaura noti na ƙarshe ranar Juma'a da yamma. Malama ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ka tashe ta mana mu ji, tun Baba bai zo ba."

"In ɓata kukan farko ba shaidu? Irin wannan sauti sau ɗaya ake jin sa."

"Wannan kam na yarda da kai."

Asabar da hantsi rabin layin ya taru, don Sifana ya bi gida-gida da gayyata. Tela ya rufe shago ya kawo kujerarsa. Bakanike ya tsaya can nesa, kusa da inda ya mayar da babur ɗinsa. Matar sama ta shanya fararen zannuwan gado a barandarta, daidai saman motar, ta tsaya a bayansu kamar ba kallo take ba.

Tasi ta sauke Baba, da baƙin tabarau da sanda. Malama ta riƙo hannunsa ta zaunar da shi. Sifana ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa ya jiki, sannan ya miƙe ya yaye buhun da ke kan allo.

"Uwata, me ya buɗe?" Baba ya tambayi 'yarsa. "Dishi-dishi nake gani."

"Allo ne, Baba. Wai likita muka samu a gida."

"Na ido?"

"Na turbo."

Baba ya juya fuskarsa wajen motar ya shaƙi iska.

"Yaro, ka buɗe mata gaba."

"Buɗewa kaɗan, Baba. Kun bar mini casa'in, yau zan miƙa muku ɗari biyu."

Kafin tsohon ya sake magana ya faɗa cikin mota ya murɗa makulli. Motar ta yi tari uku, ta kama. Wani siririn fito ya taso daga gabanta. Sifana ya leƙo ta taga yana washe baki.

"Kun ji? Fiton manyan motoci ke nan."

"Wannan ba fito ba ne," in ji Baba. "Shaƙe ta aka yi. Kashe ta."

Sifana ya ji "kashe ta", amma ya fahimci "nuna musu". Ya taka totur har ƙasa.

Aka ji ƙara kamar an jefa cokali a injin markaɗe. Motar ta yi wata girgiza, sannan kukan injin ya fara hawa. Sifana ya ɗage ƙafarsa. Kukan ya ci gaba da hawa. Hayaƙi fari mai kauri ya fara tultulowa daga salansa, ya koma toka-toka, ya haɗiye Tela da kujerarsa, ya miƙe sama wajen zannuwan gado.

Ya murɗa makulli baya. Babu abin da ya canza. Ya zare shi gaba ɗaya, ya fito ya ɗaga shi sama yana nuna wa jama'a, kamar wanda ke son a shaida ba laifinsa ba ne. Motar na ta ihu ba makulli.

"Injiniya," muryar Tela ta fito daga cikin hayaƙi, tana tari, "dawakin ne suka tsinke?"

Sifana ya ruga gaban motar, ya zaro sifanarsa. Notin kan batir lamba goma ne daidai. Tun da ya sayi sifanar nan ba ta taɓa zama a kan noti da kyau irin na ranar ba. Ya kwance, ya fizge wayar batir, ya juyo yana jiran tafi. Injin ya ƙara murya.

"Mai shan gas ba ruwanta da batir in ta tashi," Bakanike ya ɗaga murya daga inda yake. "Turbo ya fashe, baƙin manta take sha yanzu. Sai ta shanye ko ta tarwatse."

"To zo ka kashe ta mana!"

"Ilimin da ne da ni."

Jama'a suka watse. Wanda ya zo da ɗa ya saɓa shi a kafaɗa, wanda ya zo da kujera ya bar ta. Sifana ya ɗebo ruwa a bokiti ya watsa wa gilashin gaba, don dai a ga yana wani abu. Ya zagaya motar sau biyu yana ce mata "haba, haba", kamar mai lallashin jariri.

Baba ya miƙe, ya jefar da sandarsa.

"Uwata, ta ina take shan iska?"

"Ga wani bututu nan ya leƙo ta gefen fitila."

"Kai ni. Miƙo mini abu mai faɗi, mai ƙarfi."

Abu mai faɗi mai ƙarfi guda ɗaya ne a kusa. Malama ta ɗauko allon Likitan Turbo ta sa masa a hannu. Tsohon ya lalubi bakin bututun, ya kifa allon a kai, ya danna da ƙirjinsa. Bututun ya tsotse katakon, ya lotsa kamar gwangwanin da aka taka. Injin ya yi gurnani, ya yi shaƙuwa biyu, ya mutu.

Shirun da ya biyo baya har kunne yake ciwo. Hayaƙin ya yaye a hankali. Tela ya bayyana a kan kujerarsa, launinsa ɗaya da ita. A sama, matar nan ta ɗaga zanen gado ɗaya da yatsu biyu, ta dube shi, ta yi wa Sifana wani kallo da ya fi zagi ciwo.

Sai a lokacin Bakanike ya matso. Ya yanke robar taya, ya cire bututun, ya zura filaya a bakin turbo. Ya jawo wani abu dogo, baƙi, a yayyage. Ya sake zurawa ya jawo wani. A gefen na biyun akwai ɗan wurin da mai bai taɓa ba: shuɗi, da ɗigon ruwan zinari guda biyu.

Malama ta karɓa ta shimfiɗa a tafin hannunta.

"Sifana."

"Na'am."

"Iskar da ka ce ta ɗauka, ita ce wannan?"

"In kin duba ta wani ɓangaren, ai iskar ce ta ja shi."

"Ni dai a zo a mayar mini da kayana cikin akwati," in ji matar sama daga baranda, "yadda aka sa na zazzage su. Sannan a dawo mini da bututuna."

Baba ya koma kujerarsa yana haki, ya miƙa hannu. Sifana ya matso da sauri don ya riƙe shi.

"Ba hannunka nake so ba. Makullin."

Ya sa masa a tafi.

"Baba, in kun lura, ba kowace mota ce ke aiki ba makulli ba batir. Wannan wani mataki ne da ko kamfanin..."

"Na lura. Ido ne aka yi mini aiki, kunnena lafiya lau." Ya juya wajen Bakanike. "Za ta tashi?"

"Turbo ya tafi. Injin kuwa kun cece shi da kamar minti ɗaya. A kawo ta gareji."

Baba ya laluba ya kamo hannun 'yarsa, ya danƙa mata makullin ya rufe yatsunta a kai.

"In an gyara, taki ce. In kin ga ya matso kusa da ita da wannan ƙarfen na aljihunsa, ki kira ni, ko ina kan gadon asibiti ne."

"Baba, to ni fa?"

"Kai ma akwai naka. Garejin yana bakin layi, kuma hawa ne."

Haka aka yi. Malama ta shiga ta riƙe sitiyari, Bakanike ya wuce gaba yana nuna hanya, Sifana ya dafa bayan motar da hannu biyu ya fara turawa. Waɗanda suka gudu duk suka dawo, suka jeru a gefen titi, kowa ya harɗe hannu. Ya tura, takalminsa na zamewa, sifana na lilo a aljihu, gumi na wanke masa baƙin mai zuwa cikin ido. Duk da haka, da suka zo daidai shagon Tela, ya samu numfashin cewa, "Ka dai ji kukanta. Faɗi gaskiya, ka taɓa jin irinsa?"

Tela bai kula shi ba. Ya sunkuya ta tagar direba yana goge fuska da ƙyalle.

"Malama, don Allah a cire ni daga duhu. Yanzu doki nawa ne a motar?"

Malama ta gyara madubi, ta dubi mijinta a ciki.

"Ɗaya ne," ta ce. "Ga shi can a baya yana haki. Maigida, a ƙara wuta, hawan bai ma fara ba."